Gyara Ko Yanka: Tarihin Garmaho Mai Cin Kuɗi da Matsalar Adana Shi

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Amurka da wasu ƙasashen Turai, ba abin mamaki ba ne magada su buɗe rumbun ajiyar wani mamaci su tarar da wani ƙaton akwati jingine da bango, tsayinsa ya kai kafaɗar mutum, nauyinsa ya haura kilo 150, ɓeraye sun yi sheƙa a cikinsa, laima kuma ta kumbura katakonsa. Wannan shi ne akwatin da Amurkawa ke kira jukebox, watau garmaho mai cin kuɗi, wanda ake jefa masa tsaba, a danna maɓalli, ya zaɓo faifai da kansa ya kaɗa. Duk wanda irin wannan akwati ya faɗo hannunsa yakan tsaya a mararraba: ko dai ya kashe kuɗi da lokaci ya mayar da shi kan aiki, ko kuwa ya yanka shi, kamar yadda 'yan gwangwan ke yanka matacciyar mota, ya sayar da sassansa ɗaya bayan ɗaya.

Mafi yawan masu sha'awar waɗannan akwatuna suna ɗaukar gyara a matsayin ceto, yanka kuwa a matsayin kisa. Wannan maƙala za ta bi tarihin na'urar domin ta nuna cewa al'amarin bai tsaya a nan ba. Yanka tsohon abu ne a tarihinta, kuma shi ya rayar da yawancin waɗanda suka tsira. Gyara kuwa, in ba a yi hattara ba, yakan shafe shaidar da ta fi kome amfani ga mai nazarin al'ada.

2.0 Asalin Na'urar da Sunanta

Thomas Edison ya ƙirƙiro na'urar ɗaukar murya a 1877. Shekara 12 bayan haka, a ranar 23 ga Nuwamba 1889, Louis Glass da abokin aikinsa William Arnold suka ajiye irinta a wata mashaya mai suna Palais Royale a birnin San Faransisko, bayan sun haɗa mata wurin jefa senti 5. Ba ta da lasifika. Mesa huɗu ne a jikinta, kowane mai sauraro ya kanga ɗaya a kunne, kuma waƙa ɗaya tak take kaɗawa. A 1906 John Gabel na Shikago ya fito da wadda ke ɗauke da faifai 24 tana kuma canza su da kanta. Amma sai da aka sami na'urar ƙara sauti ta lantarki akwatin ya iya cika ɗaki da kiɗa har a tashi a yi rawa. Kamfanin AMI ya fito da irin wannan a 1927, kamfanin Seeburg kuma ya biyo baya a 1928.

Sunan da ake kiran akwatin da shi abin lura ne ga masu nazarin harshe. A kudancin Amurka, baƙaƙen fata suna kiran ƙananan gidajen rawa da shaye-shaye na bakin gonaki da kalmar juke. Masana da dama sun danganta kalmar da karin harshen Gullah, na zuriyar bayin da aka ajiye a gaɓar tekun Karolina ta Kudu da Jojiya, inda take nufin hargitsi ko rashin kamun kai. Wasu sun ƙara bin sawunta har zuwa Afirka ta Yamma, inda jugu ke nufin mugu a harshen Bambara. Kamfanonin da ke ƙera akwatin sun daɗe suna ƙyamar wannan suna saboda warin mashaya da ke tare da shi, suna rubuta wasu sunaye masu kamala a tallarsu. Duk da haka sunan da talaka ya raɗa shi ya zauna.

3.0 Zamanin Bunƙasa

Abu biyu suka ɗaga wannan sana'a. Na farko shi ne karayar tattalin arziki da ta soma a 1929, wadda ta sa sayen faifai ya gagari talaka, alhali kuwa senti 5 na jin waƙa ɗaya bai gagare shi ba. Na biyu shi ne soke dokar hana sayar da giya a Disamba 1933, wanda ya sa dubban mashayu suka buɗe, kowace tana bukatar kiɗa, kuma ba kowace ce ke iya biyan makaɗa ba. A wannan shekara ce kamfanin Wurlitzer, wanda masana'antarsa ke North Tonawanda a jihar New York, ya shiga harkar a ƙarƙashin jagorancin Homer Capehart. David Rockola na Shikago ya shigo da nasa akwatin, mai suna Rock-Ola, a 1935. Waɗannan kamfanoni huɗu, watau Wurlitzer da Seeburg da Rock-Ola da AMI, su suka mamaye kasuwar shekaru da dama.

Wajibi ne a fahimci yadda aka gudanar da sana'ar, domin a nan ne tushen matsalar yake. Yawanci ba mai mashaya ko mai gidan abinci ke da akwatin ba. Akwai 'yan kasuwa masu jari waɗanda ke sayen akwatuna da yawa su rarraba a wurare, sa'an nan su riƙa zagayawa mako-mako suna kwashe tsaba, su raba da mai wurin, galibi rabi da rabi. A kowane zagaye sukan duba wani ma'auni da ke cikin akwatin, wanda ke nuna sau nawa aka kaɗa kowane faifai. Wanda ba ya samun kasuwa sai a cire shi a sa sabo, a kuma buga sunan sabuwar waƙar da na mawaƙinta a wata 'yar siririyar takarda a cusa a fuskar akwatin. A idon waɗannan 'yan kasuwa, akwatin kayan aiki ne, daidai da motar haya. Darajarsa ita ce abin da ya tara a mako.

Ƙawar da aka san akwatin da ita ta samo asali ne daga wannan gasa ta jawo ido. Paul Fuller, mai zana fasalin akwatunan Wurlitzer, shi ya fi kowa suna a wannan fage. Fitaccen aikinsa shi ne samfurin 1015, wanda aka ƙera a 1946 da 1947, mai baka a sama kamar ƙofar soro, da fitilu masu sauya launi, da siraran bututun gilashi waɗanda wani ruwa mai saurin tafasa ke ɓulɓula a cikinsu. An ƙera kimanin 56,000 na wannan samfuri. Faifai 24 yake ɗauka, masu juyi 78 a minti, kuma fuska ɗaya kawai yake kaɗawa.

4.0 Yanka a Cikin Tarihin Na'urar

A 1942, bayan Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta dakatar da ƙera waɗannan akwatuna domin a mayar da ƙarfe da masana'antu ga aikin yaƙi. Samfurin 950 na Wurlitzer, wanda ya fito a farkon wannan shekara, bai kai 4,000 ba aka tsayar da shi. Tun da babu sababbin injuna, sai kamfanin ya ɓullo da wata dabara: ya ƙera gangar jiki kawai, ta katako da gilashi da madubi, ya sa mata suna Victory, ya sayar wa 'yan kasuwa domin su ciro injin tsofaffin akwatunansu su dasa a ciki. Watau kamfanin da kansa ne ya shirya yanka, kuma kowane akwatin Victory da ke duniya a yau ya tsaya ne a kan ƙasusuwan wani da ya gabace shi. Wanda ya ce zai mayar da shi yadda ya fito daga masana'anta, to, sai dai ya mayar da shi fanko.

Guguwa ta biyu ta taso ne a ƙarshen 1948, lokacin da Seeburg ya fito da samfurin M100A, mai ɗaukar faifai 50 a tsaye, yana kaɗa fuska biyu, watau waƙa 100. A 1949 kamfanin RCA Victor ya fito da ƙaramin faifai mai juyi 45, a 1950 kuma Seeburg ya ƙera M100B dominsa. Zuwa 1955 samfurin V200 yana ba da zaɓin waƙa 200. Cikin 'yan shekaru akwati mai waƙa 24 ya zama tsohon yayi, kome ƙawarsa.

Abin da ya sami tsofaffin sananne ne. Wasu an canza musu haƙoran inji da faranti domin su kaɗa ƙaramin faifai. Wasu an cire musu ƙawa an ɓoye injin a ɗakin baya, an haɗa shi da ƙananan akwatunan zaɓi da ke kan teburan cin abinci. Wasu an tura su ƙauyuka da unguwannin marasa galihu, wasu an loda a jirgin ruwa zuwa Turai da Kudancin Amurka. Masu yawa kuwa an kwashe abin amfani a jikinsu an farfasa sauran. Daga nan za a ga cewa akwatin da ya yi aiki shekara 15 a hannun ɗan kasuwa da wuya a same shi da dukan sassan da ya fito da su. Faci da aro da dashe su ne rayuwarsa tun yana kan ganiyarsa.

5.0 Daga Shara Zuwa Kayan Tarihi

Talabijin da ƙaramar rediyon hannu da garmahon gida sun rage wa akwatin kasuwa sannu a hankali. Mujallar Billboard, wadda ta riƙa buga jerin waƙoƙin da aka fi kaɗawa a waɗannan akwatuna, ta daina buga shi a 1957. Wurlitzer ya rufe sashen ƙera su a Amurka a 1974. Abin mamaki shi ne, a daidai wannan lokaci ne begen shekarun baya ya kama Amurkawa. Fim ɗin American Graffiti na 1973 da wasan talabijin na Happy Days da ya fara a 1974 sun mayar da hankalin jama'a ga ƙuruciyar shekarun 1950 da farkon 1960. Masu tara kayan da suka shiga rumbunan tsofaffin 'yan kasuwa suna saye da araha, a 1977 kuma John Krivine ya wallafa littafi a kan tarihin na'urar.

Da kasuwa ta buɗe, sai ƙananan masana'antu suka soma ƙera sababbin sassa a kamannin tsofaffi: robar ƙawa, bututun gilashi, maɓallai, har da tambarin kamfani. Reshen Wurlitzer na Jamus ya sake fito da siffar 1015 a tsakiyar shekarun 1980 da sabon inji a ciki, a 1992 kuma wani kamfanin Kalifoniya mai ƙera irin waɗannan kwaikwayo ya saye Rock-Ola. Samuwar sababbin sassa ta sauƙaƙa gyara, amma ta haifar da wata tambaya: in an canza roba da gilashi da waya da fuskar katako, mene ne ya rage na tsohon akwatin ban da lambar da aka buga a bayansa?

6.0 Abin da Shekaru Ke Yi wa Akwatin

Kafin a yanke shawara, dole ne a san irin cutar da ke kama kowane sashe, domin wata tana warkewa, wata ba ta warkewa. Giris ɗin inji yakan daskare ya zama kamar ƙaro, amma wanki da sabon mai sun isa. Robar da aka naɗe waya da ita takan bushe ta farfashe, ƙananan ma'ajin lantarki na takarda da kakin zuma, waɗanda masu gyaran rediyo ke kira kwandansa, sukan lalace. Canza waɗannan tilas ne, domin kunna akwatin da su yana iya ƙona taransifoma ko ya tayar da gobara. Wannan ne ya sa masana ke gargaɗin kada a jona tsohon akwati da lantarki don kawai a ga ko yana aiki.

Cututtukan da ba sa warkewa sun fi tsanani. Wasu sassan an zuba su ne da wani gaurayen ƙarfe mai arha wanda tutiya ta fi yawa a cikinsa. In akwai gurɓata a gaurayen, da shekaru sai ya kumbura ya tsattsage daga ciki, ba ya kuma karɓar walda yadda ya kamata. Robar ƙawa ta shekarun 1930 da 1940 takan tsuke ta yi duhu, zafin fitila kuma ya fasa ta. Katakon da ruwa ya kwanta a gindinsa yakan rabu falle-falle. Sashen da ya mutu irin wannan mutuwa ba shi da magani sai a samo wani, kuma in ba a ƙera sabonsa ba, babu inda za a samo shi sai a jikin wani akwatin da aka yanka. Mutuwar wani tashin wani.

Ta fuskar kuɗi kuwa, lissafin yakan karkata wajen yanka. Samfuran da ake rububi, irin su 1015 da 950 da V200, gyaransu yana iya biyan kuɗin sabulu. Amma yawancin akwatunan ƙarshen shekarun 1960 da na 1970, waɗanda aka rufe injinsu ba a ganin faifai yana juyawa, kuɗin gyaransu yakan zarce abin da za a saye su. Irin waɗannan, na'urar ƙara sauti da lasifika da wurin karɓar tsaba in an sayar da su dabam-dabam sukan fi akwatin dungurungum kawo kuɗi. Sakamakon haka shi ne kasuwa ce ke zaɓen abin da zai tsira, kuma kasuwa ƙawa take bi. Akwatin talaka, mara ado, wanda ya fi kowane daɗewa yana aiki a unguwa, shi ne kan gaba wajen ɓacewa.

7.0 Tsohuwar Muhawara a Sabon Fage

Wannan gardama ba a kan garmaho aka fara ta ba. Tun zamanin da, Plutarch ya ba da labarin jirgin ruwan Theseus, wanda mutanen Atina suka riƙa canza ruɓaɓɓun katakansa har masana falsafa suka shiga musun ko shi ne jirgin farko ko wani ne. A ƙarni na 19 musun ya koma kan gine-gine. Viollet-le-Duc na Faransa yana ganin aikin mai gyara shi ne ya cika gini ya kai shi ga kamala, ko da kuwa bai taɓa kasancewa a wannan kamala ba. John Ruskin na Ingila, a littafinsa na 1849 a kan gine-gine, ya ɗauki irin wannan gyara a matsayin rushewa da ƙarya a haɗe, ra'ayin da William Morris ya kafa ƙungiya a kansa a 1877. Yarjejeniyar Venice ta 1964 ta bi tsakiya: a girmama abin da kowane zamani ya ƙara, a tsaya inda zato ya fara, sabon da aka sa kuma ya zama ana iya gane shi.

In an auna gyaran akwatunan kiɗa da wannan ma'auni, za a ga yawancinsa tafarkin Viollet-le-Duc ya bi. Ana kankare tsohon fenti, a sake wanke ƙarfe ya fi na masana'anta walƙiya, a goge tabon sigari da ke kan katako, a zubar da faifan da aka tarar a ciki a cika shi da waƙoƙin da mai shi ke so. Abin da ke fita daga hannun mai gyara yakan yi kyau ƙwarai, amma babu mashayar da ta taɓa ganin irinsa. Sau da yawa gyaran gangar Auzinawa ne.

Asarar da ta fi girma a nan ta takardu ce. 'Yan takardun sunayen waƙoƙi da ke fuskar akwatin, da faifan da ke ciki, da matsayin da ma'aunin farin jini ya tsaya a ranar da aka kashe shi, su ne shaidar abin da mutanen wata unguwa suka zaɓa da kuɗinsu a wani mako na wata shekara. A zamanin da manyan gidajen rediyon Amurka ba su cika sa waƙoƙin baƙaƙen fata da na ƙauyawa ba, waɗannan akwatuna ne suka ɗauke su. Haka nan katin mai gyara da ke manne a cikin ƙofa, da takardar haraji, da sunan ɗan kasuwar da ya mallake shi, su ke faɗin inda akwatin ya zauna. Mai yanka yakan share su cikin shara domin ba su da farashi, mai gyara kuma yakan share su domin datti ne a idonsa. Ta wannan fuska su biyun laifinsu ɗaya.

8.0 Ma'aunin Yanke Shawara

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da tambayoyi huɗu. Ta farko: samfurin yana da wuyar samu? Yanka 950 ko wani akwati na kafin yaƙi asara ce da ba a mayarwa, ko da kuwa ya lalace matuƙa. Ta biyu: sassansa sun cika? Akwatin da ya ƙazantu amma kome nasa yana nan ya fi cancantar ceto a kan mai sheƙi wanda aka riga aka kwashe cikinsa. Ta uku: an san tarihinsa? Wanda aka san gidan da ya yi aiki, kuma faifansa da takardunsa suna ciki, ya zama shaida, kuma abin da ya dace da shi shi ne a tsabtace shi, a tsayar da lalacewarsa, a gyara lantarkinsa in ana so ya yi kiɗa, a bar tabonsa. Ta huɗu: mai shi yana da halin kammala aikin? Akwatuna da yawa sun salwanta ne a hannun masu kyakkyawar niyya, waɗanda suka kwance su suka zuba a kwali, sa'an nan ƙarfi ya ƙare. Sayar da shi dungurungum ga wanda zai iya ya fi wannan.

In amsoshin duk sun zama a'a, watau samfurin gama-gari ne, gangar jikin ta ruɓe, manyan sassa sun ɓace, ba a kuma san inda ya fito ba, to yanka ba abin kunya ba ne, domin sassansa suna iya tayar da wasu akwatuna da dama. Sharaɗi ɗaya ne: kafin a sa sukudireba, a ɗauki hotonsa ciki da waje, a rubuta lambarsa, a jera sunayen waƙoƙin yadda aka same su, a adana kowace takarda.

9.0 Kammalawa

An ga yadda garmaho mai cin kuɗi ya taso daga mashayar San Faransisko a 1889, ya bunƙasa bayan 1933, ya tsufa a shekarun 1950, sa'an nan ya koma kayan tarihi daga shekarun 1970. An kuma ga cewa tun daga akwatin Victory na lokacin yaƙi, cire sashen wani a dasa wa wani yana cikin jinin sana'ar. Saboda haka bai kamata a tsaya ga tambayar gyara ko yanka kaɗai ba. Tambayar da ta riga ta ita ce: me wannan akwati ya sani wanda babu wani da ya sani? Haƙorin inji ana iya samo shi a jikin wani, roba ana iya zuba sabuwa, amma jerin waƙoƙi 24 da mutanen wata mashaya suka zaɓa a makon ƙarshe na rayuwar akwatin, in an share shi, babu masana'antar da za ta sake ƙera shi.